Lambobi uku a ƙirjin Baden-Powell, sojan dokin da ya kafa sikawut

 Duk wanda ya taɓa sa kayan sikawut a cikinku, ya ɗaura ƙyalle a wuya, ya ɗaga yatsu uku ya yi alkawari, ya san sunan Baden-Powell. Wataƙila ma kun ga hotonsa: wani tsohon Bature mai gashin baki, da faffaɗar hula, ƙirjinsa fal da lambobin yabo. Yawancinmu hular muke kallo. Yau ƙirjin za mu duba, domin kafin mutumin nan ya zama uban 'yan sikawut sai da ya yi shekara 34 yana sojan doki a rundunar Ingila, a daidai lokacin da Turawa ke rabon Afirka kamar naman Sallah.

Bari mu fara da yadda ake karanta lamba, don ita ma takarda ce, illa dai da ƙarfe aka rubuta ta. Lambar sojan Ingila ta wancan zamani tana da fuska, inda galibi ake sa kan sarki ko sarauniyar da ke mulki. Tana da baya, inda ake zana wani hoto ko a rubuta sunan ƙasar da aka yi yaƙin. Tana rataye da ɗan ƙyalle mai launuka, kuma kowane yaƙi da nasa launukan, har tsohon soja kan dubi ƙirjin ɗan'uwansa daga nesa ya san inda ya je. A jikin ƙyallen akan maƙala 'yan siraran ƙarafa, kowane ɗauke da sunan wani fagen fama. A gefen lambar kuma akan buga sunan mai ita da muƙaminsa. Abin da ya fi muhimmanci ku riƙe shi ne, lambobi iri biyu ne. Akwai ta jarumta, wadda ake ba mutum ɗaya saboda wata bajinta da ya yi. Akwai kuma ta halarta, wadda ake ba duk wanda ya je yaƙin, ko ya harba bindiga ko yana kwance a asibiti da zazzaɓi. Lambobi ukun da za mu duba duk na halarta ne. Shaidar da suke bayarwa ita ce mutumin yana wurin. Abin da ya aikata a wurin kuwa, sai an tona.

An haifi Robert Baden-Powell a Landan ranar 22 ga Fabrairu, 1857. Mahaifinsa limamin coci ne kuma farfesan lissafi a Jami'ar Oxford, ya rasu yaron yana da shekara uku. A makarantar kwana ta Charterhouse bai yi fice a aji ba. Abin da ya iya shi ne zane, da wasan kwaikwayo, da sulalewa cikin dajin bayan makaranta yana ɗana wa zomaye tarko yana ɓuya wa malamai. Ya nemi shiga Oxford bai samu ba. Amma da ya zauna jarrabawar shiga soja a 1876, cikin mutum sama da 700 shi ya zo na biyu a ɓangaren sojan doki, aka tura shi Indiya kai tsaye, cikin rundunar barade ta 13th Hussars. Kada wani ya ɗauki wannan hujjar ƙin karatu, don jarrabawar ma ai da alƙalami aka rubuta ta.

Aikin sojan doki irin nasa ba sukuwa da takobi kaɗai ba ne. Su ne idanun runduna. Su ake turawa gaba su gano inda abokan gaba suke, su nawa ne, ina ruwa, ina hanya. Nan Baden-Powell ya samu abin da ya dace da shi: bin sawu, zana taswira, lura da ƙananan alamu. Ya yi aiki a Indiya da Afganistan da ƙasar Zulu da tsibirin Malta, ya rubuta ƙaramin littafi kan leƙen asirin soja tun a 1884. Duk da haka sai da ya shafe kusan shekara 20 cikin kaki kafin ya rataya lambar yaƙi ta farko, kuma a Afirka ta Yamma ya samo ta.

Ita ce Tauraruwar Asante. A ƙarshen 1895 Ingila ta tura runduna daga Cape Coast zuwa Kumasi, a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, don ta durƙusar da Sarkin Asante, Prempeh na Ɗaya. Mutanen Asante su ne kakanninmu fataken goro ke kira Tonawa. Dalilan da Turawa suka bayar su ne wai sarkin na yanka mutane don tsafi, kuma bai biya tarar zinariya oza 50,000 da aka ɗora wa ƙasarsa bayan yaƙin 1874 ba. Dalilin da ba su cika faɗa ba shi ne Faransa da Jamus na matsowa ta arewa da gabas, ga kuma zinariya a ƙasa. Tonawa sun aika jakadu har Landan don a sasanta, gwamnati ta ƙi ganinsu.

Rundunar tana ƙarƙashin Sir Francis Scott. Cikinta akwai Turawa, da sojojin da aka kwaso daga tsibiran Karibiyan, da ɗaruruwan dakarun da Turawa ke kira Hausawa, daga rundunonin Gold Coast da Legas. Ba dukansu ne Hausawan asali ba. Duk ɗan arewa mai jin Hausa da ya shiga aikin, Bahaushe suke rubuta shi. Shi kuwa Baden-Powell, yana Manjo a lokacin, an ba shi 'yan ƙasa da aka tara su shiga gaba suna sare daji, suna gina gadoji da bukkokin kwana. Sojan doki ne, amma a wannan tafiya ƙafa ya taka, don doki ba ya rayuwa a wannan kurmin.

To, ga abin mamaki: ba a yi yaƙi ba. Prempeh ya san abin da bindigar mashinga ke yi, ya hana mutanensa harbi. Runduna ta shiga Kumasi a Janairun 1896 salin-alin. Ranar 20 ga watan aka tara jama'a a fili, aka sa sarki da mahaifiyarsa Yaa Akyaa suka durƙusa a gaban Gwamna William Maxwell, wanda ke zaune a kan akwatunan biskit. Sarkin ya yi abin da aka ce, sannan aka nemi zinariyar da an san ba shi da ita a hannu, da ya kasa aka kama shi. Aka tsare shi a Elmina, aka wuce da shi Saliyo, daga nan sai tsibirin Seychelles a Tekun Indiya. Bai sake ganin Kumasi ba sai 1924. Aka wawashe fada, aka ƙone hubbaren sarakuna na Bantama. Wasu daga kayan zinariyar da Turawa suka kwasa a yaƙe-yaƙensu da Asante sai a 2024 suka koma Kumasi, guda 32, daga gidajen tarihi biyu na Landan. Su ma aro aka ba masu su.

Wanda ya kashe Turawa a tafiyar shi ne sauro. Cikin waɗanda zazzaɓi ya ɗauke har da Yarima Henry na Battenberg, mijin autar Sarauniya Biktoriya. Wannan rashi ne ya sa lambar ta bambanta da sauran. Ba zagayayya ba ce kamar kwabo, tauraruwa ce ta tagulla mai tsini huɗu da gicciye a kanta, tana rataye da ƙyalle ruwan ɗorawa mai baƙin layi biyu. A bayanta an rubuta kalmomi uku na Turanci, ma'anarsu “Daga Sarauniya”. Ba a ma buga sunayen masu ita ba. Ku duba fa: lambar yaƙi, ta yaƙin da ba a yi ba, kuma babu komai a jikinta da zai gaya maka an yaudari wani sarki a gaban talakawansa. Baden-Powell ya koma gida da ƙarin girma zuwa Laftanar-Kanar, ya rubuta littafi kan faɗuwar Prempeh. 'Yan sikawut kan ba da labarin cewa gaisuwarsu ta hannun hagu daga Tonawa ya koyo ta, wai jarumi ne kaɗai ke ajiye garkuwarsa ya miƙa hagu. Labari ne mai daɗi, a matsayin labari kuma za ku riƙe shi.

Bai yi wata nawa a gida ba aka aika shi kudancin Afirka, inda ya samo lamba ta biyu. Wannan ita ce mai nauyi.

Ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, a lokacin ba gwamnatin Ingila ke riƙe da ita kai tsaye ba. Kamfani ne, na attajirin nan Cecil Rhodes, kamar yadda kamfanin Royal Niger ya riƙe bakin Kwara kafin 1900. Bayan yaƙin 1893 kamfanin ya ƙwace filaye da shanun mutanen Ndebele, ya sa su aikin dole. Sai ga fari, ga fara, ga annobar bushiya tana karkashe sauran shanun, irin annobar da ta share garken Fulani a ƙasarmu 'yan shekaru kafin nan. A Maris 1896 Ndebele suka yi bore, suka kashe Turawa 'yan kama-wuri-zauna da dama, har da mata da yara. Ramuwar da aka yi ta wuce misali: ƙona ƙauyuka da rumbuna, don yunwa ta ƙarasa abin da harsashi ya bari.

Baden-Powell shi ne babban mataimakin kwamandan rundunar, Janar Frederick Carrington. Yakan fita da dare cikin duwatsun Matobo yana leƙen sansanonin Ndebele. A nan ya haɗu da wani Ba'amurke gwanin bin sawu, Frederick Burnham, wanda ya koya masa dabarun zaman daji da yawa. Faffaɗar hular nan da ƙyallen wuya a wannan yaƙin ya fara sa su. Ya ce Ndebele sun yi masa laƙabi da Impeesa, ya fassara shi da kyarkecin da ba ya barci. Masu jin harshen sun ce kalmar impisi kura take nufi. Ku da kuka san matsayin kura a tatsuniya, ku yanke hukunci ko yabo ne.

A watan Satumba sojojinsa suka kama wani shugaban 'yan boren mai suna Uwini, da rauni a jikinsa. Umarnin da ke ƙasa shi ne a miƙa irin waɗannan fursunoni ga kotun farar hula. Baden-Powell ya kafa kotun soja nan take a daji, aka yanke wa Uwini hukuncin kisa, ya sa hannu, aka harbe shi. Hujjarsa ita ce mutanen yankin sun yi imani harsashi ba ya cin Uwini, kashe shi a gabansu zai sa su ajiye makamai, rayuka su tsira. Babban wakilin Ingila a Afirka ta Kudu, Lord Rosmead, bai yarda ba, ya ce a kama Baden-Powell. Abin ya ƙare a kwamitin bincike na soja, wanda ya wanke shi. Sojoji ne suka binciki soja, a kan ran baƙar fata, a 1896. Ni dai a ganina wannan wankin bai fitar da datti ba, kuma har yau ana muhawara kan ko an yi wa Uwini alkawarin ba za a kashe shi ba kafin ya miƙa wuya.

Lambar da aka bayar ta azurfa ce. A fuska kan Sarauniya, a baya zaki ne ya zaburo da mashi a ƙirjinsa. Amma kamfanin ne ya buga ta, da izinin Sarauniya. Wato ɗan kasuwa ya ci ƙasa, ya murƙushe masu ita, sannan ya raba wa ma'aikatansa lambar yabo. Daga wannan yaƙin Baden-Powell ya taho da wani ƙahon gwanki irin na can, mai murɗe-murɗe, wanda za mu sake jin ƙararsa nan gaba.

A 1897 aka ba shi rundunar barade ta 5th Dragoon Guards a Indiya, yana ɗan shekara 40. Ya riƙa horar da sojojinsa bin sawu cikin ƙananan ƙungiyoyi, wanda ya ƙware ya ba shi bajo mai siffar alamar arewa ta kamfas. Bajon nan ne kakan wanda ke jikin rigunanku.

Lamba ta uku ita ta mai da shi sananne. A Oktoban 1899 yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da Turawan Bowa, jikokin 'yan Holan da suka daɗe da zama a Afirka ta Kudu. Baden-Powell yana wani ƙaramin gari na bakin hanyar jirgin ƙasa mai suna Mafeking, da mayaƙa dubu ɗaya da 'yan kai. Bowa dubbai suka kewaye garin. Aka yi kwana 217 a haka, daga 13 ga Oktoba, 1899 zuwa 17 ga Mayu, 1900.

A nan ɗan wasan kwaikwayon Charterhouse ya yi amfani. Ya sa aka binne akwatunan yashi a kewayen gari aka ce nakiyoyi ne. Da wayar ƙaya ta ƙare, sai ya sa aka kafa turaku babu waya, sojoji suna ɗaga ƙafa suna tsallake iska, mai kallo daga nesa ya ɗauka shinge ne. Aka ƙera fitilar haska fili da gwangwanin biskit ana yawo da ita wuri-wuri, don a zaci suna da yawa. Maƙeran tashar jirgi suka ƙera igwa. Aka buga kuɗin takarda da kan sarki na cikin gari. Ranar Lahadi ɓangarorin biyu ba sa harbi, sai a yi wasanni. Yaran Turawan garin kuma aka sa musu kaki suna kai saƙonni a kan keke, ƙarƙashin wani hafsa, Lord Edward Cecil. Ganin yadda yaran suka riƙe amana ya zauna wa Baden-Powell a rai.

Wannan shi ne labarin da jaridun Landan suka buga. Ga wanda ba su buga ba. Dab da unguwar Turawa akwai garin mutanen Barolong, kuma baƙaƙen fata sun fi Turawa yawa nesa ba kusa ba a cikin ƙawanyar. Baden-Powell ya ba ɗaruruwansu bindigogi, abin da ya fusata kwamandan Bowa, Piet Cronje, don a cewarsu yaƙin na farar fata ne. Su ne ke fita da dare su koro shanun abokan gaba, su ne ke ratsa ƙawanya da wasiƙu. Ranar 12 ga Mayu, da Bowa suka kai hari mafi girma ƙarƙashin Sarel Eloff, ta garin Barolong suka shigo suka cinna masa wuta, kuma Barolong na cikin waɗanda suka datse musu hanya har aka kama Eloff.

Da abinci ya yi ƙaranci kuwa, ba a raba yunwa daidai ba. Rabon Bature daban, na baƙar fata daban. Baƙin leburori da 'yan gudun hijira da ba 'yan garin ba aka matsa musu su fice su ratsa ta cikin Bowa su nemi abinci a wani wuri. Wasu an harbe su a hanya, wasu yunwa ta kashe su a cikin gari, duk da dafa romon naman doki da aka riƙa yi daga baya. Masana tarihi sun rabu: Thomas Pakenham ya ɗora wa Baden-Powell laifin, Tim Jeal da ya rubuta tarihin rayuwarsa ya ce an yi masa ƙari. Mun san da yawa daga abin da ya faru ne saboda wani matashi tafintan kotu, Sol Plaatje, ya riƙa rubuta abin da yake gani kullum a littafinsa. Littafin bai fito ba sai 1973, shekaru 41 bayan rasuwarsa. Plaatje ɗin nan shi ne ya zama sakataren farko na ƙungiyar da ta rikiɗe ta zama ANC ta su Mandela. Masu ganin rubuta abin da ya faru yau a bayan littafin aji ɓata lokaci ne, ga misali nan.

Da labarin ceto garin ya isa Landan, mutane suka cika tituna suna murna kamar sun zautu. Sarauniya ta ɗaga Baden-Powell zuwa Manjo-Janar yana da shekara 43. Lambar wannan yaƙi ta azurfa ce, ƙyallenta ja da shuɗi da ruwan lemo, tasa kuma tana da ɗan ƙarfen da ke cewa ya tsare Mafeking. Akwai wani abin dariya game da ita. Waɗanda aka fara bugawa an sa musu 1899 zuwa 1900 a baya, don an ɗauka yaƙi ya ƙare. Sai ya ci gaba har 1902, dole aka goge shekarun, kuma a jikin wasu har yau ana ganin inuwarsu. Yaran nan masu keke sun samu lambar. Mafi yawan Barolong da suka riƙe bindiga ba su samu ba. Da Baden-Powell ya ba da shaida gaban hukumar binciken yaƙin ma, rage rawar da suka taka ya yi.

Manyansa a soja ba su ɗauke shi gwanin jan babbar runduna ba. Wasu ma na ganin bai kamata sojan doki ya bari a rufe shi a gari ɗaya ba tun farko. Aka ba shi aikin kafa 'yan sandan Afirka ta Kudu, sannan a 1903 ya zama babban sufeton sojojin doki. Amma da ya koma Ingila sai ya tarar ƙaramin littafin da ya rubuta wa sojoji kan bin sawu yara da malamai ne ke ta saye. A Agustan 1907 ya kwashi yara kimanin 20, 'ya'yan masu hali da na talakawa, ya kai su zango a tsibirin Brownsea. Da ƙahon nan na ƙasar Ndebele yake tashinsu da asuba. A 1908 littafinsa Scouting for Boys ya fito, a 1910 ya ajiye kaki, a 1915 kuma harkar ta iso Nijeriya. Sauran lambobin da kuke gani a hoton tsufansa, yawancinsu na girmamawa ne da sarakunan Ingila da ƙasashen duniya suka ba shi saboda sikawut, har aka naɗa shi Lord a 1929.

Ya rasu ranar 8 ga Janairu, 1941 a Nyeri ta ƙasar Kenya, can aka binne shi. A jikin dutsen kabarinsa akwai da'ira da ɗigo a tsakiya, alamar da ɗan sikawut ke bari a hanya don ya ce ya tafi gida. A 2020, lokacin da ake ta tumɓuke gumakan 'yan mulkin mallaka, sai da hukumar garin Poole, wanda ke kallon tsibirin Brownsea, ta rufe mutum-mutuminsa da katako na ɗan lokaci, yayin da tsofaffin 'yan sikawut ke gadinsa.

Ga aikin wannan mako. Gidaje da yawa a ƙasar Hausa akwai kakan da ya je yaƙin Bama ko na Habasha a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma lambobinsa na nan a ƙasan adaka. Ku nemi izinin manya ku ɗauko. Ku duba fuska da baya da gefe, ku rubuta launukan ƙyallen, ku zana ta a takarda. Sannan ku tambayi wanda ya fi kowa tsufa a gidan abin da mai lambar ya riƙa faɗa game da tafiyar, da abin da aka biya shi bayan ya dawo. Ku aiko mana ta hannun malaminku na tarihi, da sunan makarantarku da ajinku. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.